Rubutun da Sinawa Suka Bari a Jikin Bango

A shekarar 1970 an riga an yanke shawarar rushe wani tsohon ginin katako mai hawa biyu da ke tsibirin Angel, daf da birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ginin ya lalace, kuma hukumar da ke kula da tsibirin tana son fili. Wani ma'aikacin wurin mai suna Alexander Weiss ya shiga da tocila ya haska bango, sai ya ga rubutun Sinanci an sassaƙa shi cikin katakon, layi bayan layi, ɗaki bayan ɗaki. Da ya gaya wa na gaba da shi, aka ce masa ya share maganar, zane-zanen banza ne kawai. Bai share ba. Ya kai maganar wurin malaminsa na jami'a, George Araki, wanda mahaifiyarsa ta biyo ta wannan tsibiri lokacin da ta zo daga Japan. Aka kawo mai hoto ya ɗauki bangon kakaf, masu karanta Sinanci suka zauna a kansa, sai ga shi waƙoƙi ne, fiye da 200, waɗanda mutanen da aka tsare a wurin tsakanin 1910 da 1940 suka bari.

Shi Weiss ɗin ɗan gudun hijira ne, Bayahude da aka fito da shi daga Vienna yana ƙaramin yaro don tsira daga 'yan Nazi. Ina ganin ba banza ba idonsa ya tsaya a kan abin da idon sauran ya wuce. Sinawan Kalifoniya suka tashi tsaye a kan maganar, har majalisar jihar ta ware dala 250,000 a 1976 don kada ginin ya faɗi, sannan a 1997 aka sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa baki ɗaya.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, tarihin Sinawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka bai kusa salwanta don tsautsayi ba. Hukuma ba ta ga amfanin rubuta shi ba, su kuma masu shi suna da dalilin yin shiru. Abin da ya tsira, ƙananan mutane ne suka sunkuya suka tsince shi. Saboda haka duk wanda zai ce yana adana wannan tarihi a yau, wajibi ne ya adana shi da ɗacinsa, ya kuma tuna cewa jikokin masu tarihin suna nan da rai, suna neman wurin kwana a unguwannin da ake ɗaukar hoto.

Mu koma baya kaɗan. A 1865 kamfanin Central Pacific, wanda ke shimfiɗa layin dogo daga Kalifoniya zuwa gabas, ya rasa ma'aikata, ya fara ɗaukar Sinawa. Akasarinsu manoma ne daga ƙauyukan lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin, musamman yankin Taishan. Kafin a gama aikin, takwas zuwa tara cikin kowane ma'aikata goma na kamfanin Sinawa ne. Su suka fasa duwatsun Sierra Nevada da guduma da albarushi, suka haƙa ramukan da jirgi zai ratsa, cikin hunturun da ƙanƙara ke binne bukkoki da mutanen ciki. Ana biyansu ƙasa da Turawa, kuma su ke ciyar da kansu, alhali Turawa kamfani ke ba su abinci. A watan Yunin 1867 dubbansu suka ajiye kayan aiki suna neman a daidaita albashi a rage awoyi. Charles Crocker, mai kula da aikin, ya toshe hanyar da ake kawo musu abinci, yajin aikin ya mutu cikin kusan mako guda.

Ranar 28 ga Afrilun 1869 aka shimfiɗa mil goma na layin dogo, wato kimanin kilomita 16, a yini ɗaya. Dubban Sinawa ne suka yi aikin tare da wasu 'yan Ailan takwas masu ɗaga ƙarafan. Sunayen mutum takwas ɗin nan suna rubuce har gobe. Na Sinawan babu. A littattafan biyan albashi na kamfanin, galibi sunan shugaban rukuni kaɗai ake sawa, sauran a ƙirga su da adadi. Bayan kwana goma sha biyu, ranar 10 ga Mayu, layin gabas da na yamma suka haɗu a Promontory da ke Utah, aka ɗauki hoton nan da ya shiga littattafan makaranta: jirage biyu sun fuskanci juna, mutane sun hau kansu ana miƙa kwalabe ana musafaha. Sai mutum ya wahala kafin ya nuna fuskar Basine a cikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce halin zamanin ne. Amma a 1969, wurin bikin cika shekara ɗari da haɗuwar layin, ministan sufuri na Amurka John Volpe ya tsaya gaban jama'a yana tambaya wai in ba Amurkawa ba, wa zai iya fasa waɗannan duwatsu ya shimfiɗa mil goma cikin awa goma sha biyu. Philip Choy, shugaban ƙungiyar tarihin Sinawan Amurka, yana zaune a wurin da jawabin da ya shirya, ba a ba shi damar karanta shi ba. Mutanen da ministan ke kira Amurkawa, doka ta hana su zama 'yan ƙasa har zuwa 1943. Wannan ya fi hoton 1869 ƙona mini rai, domin a 1969 an san gaskiya, zaɓa aka yi a tsallake ta.

A 2012 jami'ar Stanford, wadda Leland Stanford shugaban wancan kamfanin jirgi ya kafa da dukiyarsa, ta fara wani gagarumin bincike a kan ma'aikatan, ƙarƙashin Gordon Chang da Shelley Fisher Fishkin. Masana suka bazama Amurka da ƙasar Sin suna neman ko da wasiƙa ɗaya ce da wani lebura ya rubuta da hannunsa lokacin aikin. Ba su samu ba. Dole aka koma tono a tsofaffin sansanoninsu ana tattara fasassun kwanonin shinkafa da tulunan miya da kwabban wasa, ana kuma zama da jikoki ana jin abin da kakanni suka faɗa. Mutane fiye da dubu goma, da yawansu sun iya rubutu, suna aika kuɗi da saƙo gida, amma muryarsu ta kansu ta ɓace ɗungurungum. Idan mutum ya san wannan, zai gane darajar bangon tsibirin Angel. A can ne Sinawan da suka biyo bayansu suka yi magana da bakinsu.

Shekara goma sha uku bayan gama layin dogo, a 1882, shugaba Chester Arthur ya sa hannu a dokar hana leburorin Sin shiga Amurka, doka ta farko da ta ware al'umma guda da sunanta ta rufe mata ƙofa. Kafin nan, a 1871, 'yan daba sun kashe Sinawa kusan ashirin a Los Angeles, bayanta kuma a 1885 aka kashe aƙalla 28 a mahaƙar kwal ta Rock Springs da ke Wyoming. Dokar ta bar 'yar kafa ga 'yan kasuwa da ɗalibai da malamai da jami'an jakadanci. Akwai wata kafar kuma: a 1898 kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Wong Kim Ark cewa wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, kuma ɗan ƙasa yana iya shigo da 'ya'yansa.

Sai girgizar ƙasa ta 1906 ta auka wa San Faransisko, gobarar da ta biyo baya ta cinye takardun haihuwa na birnin. Sinawa da yawa suka je suka ce ai a nan aka haife su, babu takardar da za ta ƙaryata. Wanda ya samu wannan shaida, idan ya je ganin gida ya dawo sai ya rubuta cewa an haifa masa ɗa namiji a ƙauye. Bayan shekaru a sayar da gurbin ga wani yaro, ya ɗauki sunan wannan mutum ya taho a matsayin ɗansa. Su ake kira 'ya'yan takarda.

Hukuma ta san da haka, shi ya sa aka mayar da tsibirin Angel wurin tankaɗe. Baturen da ya sauka a tsibirin Ellis na New York yawanci cikin 'yan awoyi yake wucewa. Basine a tsibirin Angel sai ya yi makonni, wani watanni, akwai wanda ya haura shekara biyu. A shigar da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ɗaki gaban jami'ai da tafinta da mai buga tafireta, a fara: Matakala nawa ce a ƙofar gidanku? Taga nawa ce a ɗakin da kake kwana? A wace kusurwa ake ajiye tukunyar shinkafa? Wa ke zaune a gida na uku a layi na biyu na ƙauyenku? Kuna da kare? Sannan a kira uban a wani ɗaki daban a maimaita masa, in amsa ta saɓa a ce jirgi na gaba ya mayar da yaron. Tambayoyin da ko ɗan halak yana iya faɗuwa, don wane ne ke ƙirga matakalar gidansu? Saboda haka yaran ke tahowa da littafin hadda mai ɗauke da taswirar ƙauyen da ba su taɓa gani ba da sunayen dangin da ba nasu ba, su yi ta bitarsa tsawon makonnin tafiya a teku, in an hango gaɓa su yayyaga shi su watsa a ruwa.

A cikin wannan jira ne suka yi waƙoƙin. Wasu da tawada da buroshi, wasu da wuƙa. Sun bi tsarin tsohuwar waƙar Sinanci mai harafi biyar ko bakwai a kowane layi. Suna maganar iyayen da suka ci bashi don kuɗin jirgi, da matan da aka baro, da kunyar gwajin likita da ake tuɓe mutum tsirara, da takaicin raunin ƙasarsu wadda ba ta iya kare 'ya'yanta. Suna kamanta kansu da Su Wu, jakadan daular Han da abokan gaba suka tsare shekara goma sha tara yana kiwon tumaki bai sauya mubaya'a ba. Jami'an wurin sun ɗauki abin a matsayin ɓata bango, suka riƙa cike sassaƙar da ƙullin toshe rami suna shafa fenti a kai. Da shekaru suka ja, ƙullin ya bushe ya tsuke, siffar haruffan ta sake bayyana, kuma shi ya kare katakon daga ruɓewa. Waƙoƙin mata kam ba su tsira ba, domin ɗakunansu suna cikin ginin ofis da ya ƙone a 1940. Wannan rashi ne da babu abin da zai cike shi, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa duk mai ziyara cewa rabin labarin yake karantawa.

To ga inda mutane ke rabuwa. Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Waɗannan mutane ƙarya suka yi wa hukuma, ina amfanin tona asirin kakanni, musamman yanzu da maganar baƙin haure ke da zafi a Amurka? Ba na raina wannan tsoro. Tsakanin 1956 da 1965 gwamnatin Amurka ta yi wani shiri na sa Sinawa su zo su amsa laifin shigowa da sunan bogi, kuma wanda ya amsa dole ya ambaci wasu, abin da ya raba dangi ya shuka zargi tsakanin maƙwabta. Tsofaffi da yawa sun mutu ba su gaya wa 'ya'yansu sunansu na gaskiya ba. Akwai iyalan da sai a kan dutsen kabari suka lura sunan da aka rubuta da Sinanci daban yake da wanda aka rubuta da Turanci.

Duk da haka ban yarda a ɓoye ba. Wanda ya cire 'ya'yan takarda daga labarin, ya wanke dokar 1882 ke nan, domin ya bar mai karatu da zaton cewa tsari ne na adalci wanda mutanen kirki suka bi suka wuce. Gaskiyar ita ce doka ce ta zalunci, ta hana miji zama da matarsa, ta hana uba ganin ɗansa, mutane kuma suka zagaye ta da dabarar da suke da ita. Ni ban ga abin kunya a nan ba ga yaron da ya haddace ƙauyen wani don ya je ya yi wanki da guga ya ciyar da uwarsa. Kunyar tana wuyan waɗanda suka rubuta dokar. Masana uku da suka fassara waƙoƙin suka buga su a 1980, Him Mark Lai da Genny Lim da Judy Yung, dukkansu 'ya'yan waɗanda suka biyo ta tsibirin ne, kuma sai da suka yi wa tsofaffi alkawarin sakaya suna kafin su yarda su yi magana. Hanyar da ta dace ke nan: a kare mai rai, amma kada a binne abin da ya faru.

A wannan shekara ta 1980 wasu samari biyu a New York, John Kuo Wei Tchen da Charles Lai, suka lura da abin da ke faruwa a unguwar Sinawa. Tsofaffin gwauraye masu shagunan wanki suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu gidaje suna kwashe kayansu suna zubarwa a bola: akwatunan tafiya, wasiƙu, hotuna, allunan shago, takardun shige da fice. Suka fara bin bola suna tsinta. Daga nan gidan tarihin Sinawan Amurka na New York ya samo asali. Cikin abubuwan da suka fara nuna wa jama'a akwai dutsen guga mai nauyin laba takwas, fiye da kilo uku da rabi, wanda mutum zai wuni yana ɗagawa yana saukewa tun asuba har dare, shekara da shekaru, a ɗan shagon da a bayansa yake kwana. A ganina wannan dutsen guga ya fi kowane jawabin shugaba bayyana yadda Sinawa suka rayu a Amurka. Ranar 23 ga Janairun 2020 gobara ta kama ginin da ake ajiye kayan, kimanin guda 85,000. Allah ya taƙaita, an ceto akasarinsu ko da yake ruwan kashe gobara ya jiƙa su. Amma abin ya nuna yadda aikin shekara arba'in yake rataye da zare.

Gwamnatoci sun zo daga baya. Majalisar dattawan Amurka ta bayyana nadama a kan dokar a 2011, ta wakilai a 2012. Kanada, wadda ta ɗora wa kowane Basine harajin shiga na dala 50 a 1885 har ya kai dala 500 a 1903, sannan ta rufe ƙofa gaba ɗaya a 1923, ta nemi gafara ta bakin firaminista Stephen Harper a 2006, lokacin da waɗanda suka biya harajin saura 'yan ƙalilan a raye. Ina maraba da neman gafara, amma shi ne ɓangare mafi arha a cikin aikin.

Mai tsadar shi ne barin mutane su ci gaba da zama a inda tarihin ya faru. A birnin Washington akwai katafariyar ƙofa mai ado da aka gina a 1986 a bakin unguwar Sinawa, kuma manyan shagunan da ke wurin suna da alluna da haruffan Sinanci. Sinawan da suka rage a unguwar 'yan ɗaruruwa ne, tsadar haya da filin wasan da aka buɗe a 1997 sun kori sauran. An adana haruffa, an rasa masu karanta su. A 2023 wata babbar ƙungiyar kare wuraren tarihi ta Amurka ta sa unguwannin Sinawa na Philadelphia da Seattle cikin wurare goma sha ɗaya da suka fi fuskantar haɗari. A Philadelphia mazauna unguwar sun shafe fiye da shekara biyu suna fafutukar hana gina filin ƙwallon kwando a gefensu, aka janye shirin a farkon 2025.

Shi kansa gidan tarihin New York bai tsira daga wannan jarrabawa ba. An ware masa dala miliyan 35 daga hukumar birnin cikin kuɗin da aka yi wa unguwar alkawari lokacin da aka tsara gina sabon gidan yari a cikinta, alhali mazauna suna adawa da ginin. Da aka sake buɗe gidan tarihin a 2021, masu zanga-zanga suka tsaya a ƙofarsa, wasu masu zane suka janye ayyukansu. Shugabanninsa sun ce su ma ba sa goyon bayan gidan yarin, kuma suna buƙatar mazauni na dindindin don kada kayan su sake shiga haɗari. Na fahimci matsin da suke ciki, wanda gobara ta taɓa ba zai raina kuɗin gini ba. Amma zuciyata tana tare da waɗanda suka tsaya a waje. Gidan da aka kafa da kayan masu wanki da masu ɗinki da masu wanke kwanuka, idan irin waɗannan mutane na yau suka ga ya juya musu baya, ya yi asarar abin da ya fi ginin muhimmanci, wato amanar da ke sa tsohuwa ta ɗauko akwatin mijinta ta miƙa.

Wani zai ce ina ruwanmu da Sinawan Amurka. Sinawa ba jiya suka zo ƙasarmu ba. A 1964 Cha Chi Ming, wani attajiri daga Hong Kong, ya kafa masaƙar United Nigerian Textiles a Kaduna, ya zo da injiniyoyi da manajoji daga can, dubban 'yan Arewa suka yi aiki tare da su a Kakuri. Wasu iyalan Sinawa sun kafa masana'antun roba da takalma a Kano tun wancan zamani, 'ya'yansu sun tashi a nan. Yau idan aka ambaci Sinawa, abin da ke zuwa bakinmu shi ne gasar atamfa a Kantin Kwari da rigimar ma'adinai, kuma waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna da tushe. Sai dai zaman shekara sittin ya fi ƙarfin ƙorafi kaɗai. Yadda suka zo, abin da suka koyar da abin da suka koya, yadda aka yi da ma'aikata, daɗi da ɗaci, duk tarihin Kaduna ne da Kano, kamar yadda bangon tsibirin Angel yake tarihin Amurka. Muna da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, muna da ɗaliban tarihi a Zariya da Kano masu neman abin da za su rubuta a kai, kowannensu da wayar da za ta naɗi murya. Yaron da ya shiga masaƙar yana ɗan shekara ashirin lokacin da aka buɗe ta, yau ya kai tamanin, haka ma Basinen da ya nuna masa yadda ake ɗaura zare a inji.